Aninin Kaka

Shekarar da aka rushe unguwarmu na haura hamsin, kuma ban taɓa yin wata guda cur a wajen Jidda ba. A nan aka haife ni, a nan aka haifi Yaya, wadda ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Kakarmu ta wajen uwa ce ta taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, riƙe da hannun mahaifiyarmu tana 'yar ƙarama. Ta sauke farali, ta gangaro Jidda jiran jirgin komawa, ba ta koma ba har Allah Ya karɓi ranta. Gidan da ta kafa da langa-langa da katakon akwatuna shi aka yi ta yi wa kwaskwarima, aka zuba masa bulo, aka ɗora masa bene, har ranar da muka wayi gari muka tarar an rubuta "ikhla" da jan fenti a jikin bangonsa, wato a kwashe a fita.

Muka koma Waziriyya, ɗaki biyu a hawa na uku: ni, da Yaya, da 'yarta guda ɗaya da ke aiki a wani shagon ɗinki. Matata ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ciwon suga kuwa ya riga ya cinye idanun Yaya tun kafin tashin. A tsohon gida makantar ba ta hana ta komai ba, don ƙafarta ta san kowane dakali da kowane lungu, har girki tana yi. A sabon wuri sai ta zauna a kan katifa ta jingina da bango, ba ta tashi sai an kama hannunta. Shagon gyaran fanka da na'urar sanyaya ɗaki inda na yi shekaru ina aiki shi ma ya tafi a rusau. Kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, ya ce halas, ya tsufa, ba zai sake buɗe wani ba. Na yi ta yawo daga Sharafiyya har Safa ina neman wanda zai ɗauke ni, kowa ya dubi furfurata sai ya ce a bar masa lambar waya.

A hawan da ke ƙasanmu akwai wani mutumin Agadas da ya yi haƙar zinariya a sahara kafin ya zo nan. Yana da na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa: doguwar sanda ce mai faifai a gindi, da abin sawa a kunne. Shi "aparai" yake ce mata, mu 'yan nan muna cewa "jihaz". Ta daina aiki, ya ji an ce ni mai gyara ne, ya hauro da ita. Waya ce kawai ta tsinke a cikin mariƙinta, na liƙe da dalma. Da ya ji ta yi ƙara a kan cokali sai ya yi dariya, ya ce in riƙe ta in ɗan taɓa, tunda zaman banza nake yi.

"Amma Malam, bakin teku kawai," in ji shi. "Zobe, sarƙa, abin da masu wanka suka yar. Kada ka je inda aka yi rusau. In aka gan ka da ita can, daga kai har ni mun shiga uku."

Sau biyu na je bakin teku, na dawo da marafan kwalba da makullin da ba a san ƙofarsa ba. Juma'a ta uku, da aka idar da sallar asuba, na naɗe na'urar a cikin tsohon bargo na nufi unguwarmu.

Ban gane wurin ba. Fili ne fetal, fari fat, iya ganinka, sai masallacinmu da aka bari tsaye shi kaɗai. Da shi na yi awo. Na tsaya a ƙofarsa, na juya masa baya, na yi tafiyar da na yi shekara arba'in ina yi sau biyar a rana, na karya kwana inda da can akwai mai sayar da burodi, duk da babu kwanar yanzu. Inda ƙafata ta tsaya, na ce nan ne gidanmu.

Na'urar ta yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, don ƙasar cike take da guntayen rodi da ƙusoshi. Na tono mariƙin tukunya, na tono rabin kwaɗon ƙofa, na tono cokalin shayi da ban sani ba ko namu ne. Rana ta fara zafi, ina shirin haƙura, sai na ji wata ƙara siririya daban da sauran, a daidai inda nake zaton tsakar gidanmu ne. Na durƙusa na tona da sukurdireba kamar tsawon taƙi guda. Wani ɗan abu ne zagayayye, bai fi farcen babban yatsa da yawa ba, baƙi ƙirin da tsatsa kore-kore, ya yi ɓawo kamar ƙanzo. Na goga shi a jikin rigata, ƙasar da ta toshe tsakiyarsa ta faɗi, na ga huda.

Can nesa na hango mota tana tahowa a hankali ta gefen filin. Na jefa abin a aljihu, na naɗe bargona, na bi ta bayan masallaci na fice.

Da na isa gida Yaya tana zaune inda na bar ta. Na zauna kusa da ita ina ba ta labarin filin, don tana yawan tambayata ko an bar darbejiyar ƙofar gida. Na ce ba a bari ba. Sannan na ce, "Yaya, buɗe hannunki ki ji abin da na tsinto."

Ta juya shi a tafin hannunta. Ta sa ɗan yatsa ta laluba hudar. Sai na ga ta gyara zama, ta bar jingina da bango. Ta daɗe tana shafa fuska ɗaya da bakin farcenta, leɓenta yana motsi kamar mai ƙirga tasbihi.

"Auta," ta ce, don haka take kirana har na yi furfura, "a ina ka same shi?"

"A tsakar gida. Wajen da randa take, a ganina."

"Ga tsinin tauraron nan. Ɗaya, biyu, ga na uku. Aninin Kaka ne."

Ni ban san Kaka sosai ba, ina ƙarami ta rasu. Ranar ce Yaya ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Ta ce duk guzurin da Kaka ta taso da shi ya ƙare a hanya, sai wannan anini ɗaya da ya rage, fari kamar azurfa, mai huda da tauraro. A nan ko dabino ɗaya ba zai saya ba, sai ta zura masa baƙin zare ta ɗaura a wuyan hannu. Ba ta cire shi sai za ta yi kwaɓin fura. Wata rana ta ajiye shi a bakin randa, Yaya tana 'yar shekara tara ta ɗauka, ta tsinke zaren tana gara shi a ƙasa, ya gangara ya ɓace. Kaka ba ta doke ta ba, ba ta ko yi mata faɗa ba. Rariya ta ɗauka, ta yi kwana uku tana tankaɗe ƙasar tsakar gida. A rana ta huɗu ta rataye rariyar, ba ta sake ta da maganar ba.

"Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi," in ji Yaya. Hawaye na bin fuskarta, amma murmushi take yi. Rabon da in ga haƙoranta tun muna tsohon gida.

Ranar ta ci abinci sosai. Ta sa 'yarta ta samo mata ƙyalle ta ƙulle abin a ciki, ta tura ƙarƙashin matashi. Da na ce bari in ɗan wanke shi mu ga rubutun, sai ta dafe matashin.

"Kada ka taɓa shi, Auta. Bar shi da dattinsa. Ni na gan shi."

Na sha tambayar kaina me ya hana ni jin maganarta. Na gaya wa kaina cewa so nake in tabbatar, don ni na shafa ban ji tauraro ba, ƙuraje kawai na ji. Na kuma gaya wa kaina wataƙila akwai sunan gari a jiki, tunda har yau ba mu san takamaiman garin da Kaka ta fito ba, ko da yake na san ba a rubuta sunan ƙauye a jikin kuɗi. Gaskiyar ita ce hannuna ya yi wata bakwai bai gyara komai ba sai waccan waya guda. Ga abu mai tsatsa a cikin gida, ni kuma duk rayuwata cire tsatsa nake yi. Na so in miƙa mata shi yana walƙiya, ta ce Auta ya iya.

Bayan mako guda na ce mata akwai wani masanin tsofaffin kuɗi a Balad, tsohon gari, ina so in kai masa ya gani. Ta zaro ƙullin ta miƙo mini.

"Ka dawo mini da shi yau."

Ban tafi Balad kai tsaye ba. Kicin na shiga. Na fara da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Ƙasa ta fita, ɓawon bai motsa ba. Amma da na kai shi bakin taga na karkata shi, wallahi na ga layi biyu miƙaƙƙu sun haɗu sun yi tsini. A ɗaya fuskar kuma na ga wasu 'yan haƙora uku a jere kamar na harafin shinun. Da na tsaya a nan, da na ɗauki hotonsa da waya ma kawai, da labarin ya canza. Ban ɗauka ba.

Na sauka na nuna wa mutumin Agadas. Ya ce shi zinariya ya sani, ita kuwa ba ta tsatsa, amma ya ji ana jiƙa irin wannan a man zaitun wata ɗaya ko biyu, ana ɗan sosawa da tsinken sakace.

"Haƙuri yake so, Malam," ya ce.

Ni kuwa yau aka ce in dawo da shi. Na hau sama na matse lemun tsami na zuba gishiri, na jefa shi ciki. Bayan rabin awa ruwan ya ɗan yi kore, ɓawon yana nan. Na gwada khal, ruwan tsamin da muke zubawa a salak, shi ma haka. Sai na tuna da galan ɗin da na taho da shi daga shago, ruwan asid da muke wanke cikin na'urar sanyaya ɗaki da shi. Na tsiyaya kaɗan a kofin shayi, ban ko sirka da ruwa ba. Niyyata in tsoma in cire.

Ina tsomawa ya fara tafasa, wari ya tashi. Daidai nan Yaya ta kira ni daga ɗaki, tana so a kai ta bayi, 'yarta tana wajen aiki. Na je na kama hannunta, na kai ta, na tsaya a bakin ƙofa, na dawo da ita, na gyara mata matashi. Ta ce ashe ban tafi ba tukuna, na ce yanzu zan fita. Duka bai fi minti goma ba.

Ruwan kofin ya koma shuɗi. Na zuba shi a magudana, na ɗauraye abin a famfo. Ɓawon ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage a hannuna ɗan faifai ne ja-ja, siriri kamar ɓawon albasa, duk ya yi ramuka ƙanana, hudar ta ƙara faɗi, gefen ya zaizaye. Na kai shi taga, na juya shi ta kowace fuska. Babu layi, babu tsini, babu haƙora. Na jiƙa shi da yawu na sake dubawa. Na zauna a ƙasan kicin ɗin, na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Duk da haka na tafi Balad, ina fatan idon masani zai ga abin da nawa bai gani ba. Mutumin wani tsoho ne Bahadrame, ɗan asalin Yaman, yana da ɗan shago a lungu inda yake sayar da tasbihi da tsofaffin kuɗi da kan sarki. Ya sa gilashi a ido ɗaya, ya duba, ya ɗora a ɗan ma'auni, ya sake dubawa. Da Larabci muka yi magana.

"Da me ka wanke shi?"

Na gaya masa. Ya cire gilashin ya ajiye.

"Ɗan'uwa, ƙasar Jidda gishiri ce. Abin da ya yi shekara sittin a cikinta, fuskarsa ta riga ta zama tsatsa. Rubutun a jikin ɓawon nan yake zaune. Ba datti ka wanke ba, kuɗin ka wanke."

Na ce ko daga girmansa ba za a gane ba? Ya jawo wani faranti, ya tsamo kuɗi huɗu masu huda ya jera a kan gilashin teburinsa. Ya ce wannan na Misira ne, wannan na wajen Mombasa, wannan na Indiya, wannan kuma na ƙasarku. Duka kusan girmansu ɗaya. Ya ce alhazan duniya sun yi shekaru aru-aru suna zubar da canjinsu a garin nan. Na ce an ce namu fari ne, wannan kuwa ja. Ya ce asid yana iya mayar da fari ja, kuma yana yiwuwa tun asali ja ne. Sannan ya ƙara da cewa ba zai ɓoye mini ba, yadda yake yanzu ko wanda ya ce wasar famfo ce, irin wadda ake sa wa ƙusa, ba za a ƙaryata shi ba.

Na ɗauki na ƙasarmun na duba. Karo na farko ke nan da na ga anini da idona. Fari ne, ga tauraro mai tsini shida kewaye da hudar, a bayansa ga rubutun Larabci, har da shinun ɗin. Na ba shi labarin Yaya a taƙaice. Ya tura mini shi da ɗan yatsa.

"Ɗauki, kyauta. Ka ce mata ka wanke ya fita. Za ta ji tauraronta."

Na riƙe shi na ɗan lokaci. Sannan na ajiye, na ce ba zan yi wa makauniya ƙarya ba. Na fito ina jin kamar na yi abin kirki guda ɗaya a ranar.

La'asar ta yi lokacin da na koma, 'yar Yaya ta dawo daga aiki. Na durƙusa a gaban katifar na faɗi duk abin da ya faru, ban rage komai ba: lemun tsami, asid, kiran da ta yi mini, maganar Bahadrame. Sannan na sa mata shi a hannu.

Ta shafa fuska ɗaya, ta juya ta shafa ɗayar. Ta auna shi a tafinta.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Shi ne, Yaya. Wallahi shi ne. Na ɓata shi ne."

"Nawa yana da nauyi. Nawa yana da tauraro." Ta juya wajen da take jin numfashin 'yarta. "Ke, wane launi ne wannan?"

Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Ta dube ni, ta dubi hannun uwarta, ta ce, "Ahmar, ya ummi." Ja.

Yaya ta miƙo mini shi. Da ban karɓa da wuri ba sai ta sake shi ya faɗi a kan tabarma.

"Auta, na san ba ka da aiki. Da ka ce mini kana cikin matsi, ni da kaina zan ba ka ka sayar. Ba sai ka kawo mini ƙarfen bola ba don ka ga ba na gani."

Na rantse, na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Ta ce kada in ƙara wa kaina zunubi. Na ce anini ba ya da wata daraja a kasuwa, har kyauta aka so a ba ni wani. Ina faɗa na gane na ƙara ɓata lamarin, don sai ta ce, "Ashe har ciniki kuka yi." Ta koma ta jingina da bango.

Washegari na yi tunanin komawa wajen Bahadrame in karɓo wancan, in ce na fanso mata kayanta. Sau biyu ina kaiwa bakin lungun ina juyowa. Idan na kawo, na amsa laifin sayarwa ke nan, kuma hannun da ya gane tauraro a ƙarƙashin tsatsa zai gane wanda bai taɓa kwana a ƙasa ba. Na koma filin ko zan sami wani abu, ko zaren ne, ko me, ni ma ban san me nake nema ba. Na tarar an kewaye shi da shinge. Na mayar wa mutumin Agadas na'urarsa.

Yaya ba ta yi gaba da ni ba. Ina gaishe ta tana amsawa, ina kama hannunta tana ba ni. Amma ta daina ce mini Auta. In tana son wani abu sai ta ce wa 'yarta, "Gaya wa kawunki," ko da ina zaune a gefenta. Abincinta ya ragu. Ciwon ya sauka a ƙafa, daga ƙafa ya taɓa ƙoda. Ni kuma na samu gadi a wani sito, daga safe zuwa magariba, don haka yawancin kwanakin da ta yi a asibiti ba na kusa.

Da hantsi ta rasu, wata biyar bayan wancan yini, ina bakin ƙofar sito. Aka yi mata sutura bayan la'asar.

Da aka share makoki, 'yarta tana ninke kayan uwarta tana zubawa a jaka, ni ina zaune a bakin ƙofa. Sai ta ce akwai saƙo. Ta yi ƙoƙari ta faɗe shi da Hausa, yadda aka ba ta shi.

"Ta ce, ki gaya wa kawunki na yafe masa. Ta ce talauci ne, ba halinsa ba ne."

Ta ci gaba da ninki. Can ta ɗago kai.

"Khali," ta ce, wato kawu, "tsakaninka da Allah, ka sayar?"

Na ce, "Ban sayar ba."

Ta dube ni na ɗan lokaci. Ta ce, "Tayyib," wato shi ke nan, ta jawo wani zane ta kama ninkewa.